"Gwal ne? Giram nawa?"

Ranar da aka raba gadon Gwaggo, Allah Ya jiƙanta da rahama, har cikin gida aka kira mai sikeli. Ya zauna bakin tabarma da ɗan baƙin dutsensa da kwalbar ruwan gwaji. Duk abin da aka miƙa masa sai ya goga a dutsen ya ɗiga ruwa. In zanen ya tsaya, ya aza a sikeli ya faɗi giram. In ya ɓace, ya ture da bayan hannu ya ce, "Wannan fashon ne, Hajiya." Kafin la'asar an sayar da gwal, an yi lissafi, kowa ya karɓi rabonsa. Abin da aka ture gefe kuwa aka tattara a tsohon gwangwanin alewa, 'ya'yanta suka ce in ɗauka tunda ni ce sarkin tarkace.

A cikin gwangwanin akwai jar tsakiya guda bakwai, da tsinkakkiyar sarƙar murjani wanda ba murjanin gaske ba, da wani kakkauran awarwaro na roba mai launin zuma, sai ɗan kunne guda biyu mai siffar ganye da 'yan fararen lu'ulu'u a jere. Ɗan kunnen ba shi da tsinken sakawa a huda, matse kunne yake yi. Da na juya bayansa na ga an buga Trifari, da ɗan kambi a saman harafin T, da alamar © a gefe. Mijin Gwaggo ne ya kawo mata tsaraba lokacin da ya je kwas Amurka a shekarun 1960. Shekara sittin ke nan, ko kusa, amma ruwan gwal ɗinsa bai koɗe ba, dutse ɗaya bai faɗi ba.

Mu dai, 'yan'uwana mata, auna abin ado muke yi tun kafin mu kalle shi. Ki sa sarƙa ki shiga gidan biki, kafin a ce ta yi kyau za a ce gwal ne? In kika ce e, sai a ce giram nawa, na Dubai ne ko na Saudiyya? In kika ce a'a, shi ke nan hira ta mutu. Ni kuwa gwangwanin nan ya koya mini wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Gwal ba ya riƙe tarihi, domin ƙarshensa wuta. Sarƙar gwal ɗin Gwaggo an narkar da ita tuni, ƙila yanzu tana wuyan wata amarya da sabuwar ƙira, kuma salon da maƙerinta ya ɓata kwanaki yana fitarwa ya tafi har abada. Abin da ya tsira shi ne wanda mai sikeli ya raina. Ba wanda ke narkar da gilashi da tagulla, saboda haka su ne ke zaune yadda aka ƙera su, suna nuna mana abin da matan wani zamani suka ɗauka kwalliya.

Da na shiga bin diddigin ɗan kunnen nan na tarar sana'ar tsohuwa ce, kuma ba talakawa suka fara ta ba. A Paris, wajen 1730, wani maƙeri mai suna Georg Friedrich Strass ya gano yadda ake haɗa gilashi da dalma mai yawa har ya yi nauyi da sheƙi, a yanka shi kamar daimon, a liƙa masa siririn ƙarfe mai ƙyalli a baya don ya riƙa mayar da haske. A 1734 Sarki Louis na 15 ya naɗa shi maƙerin fada. Har yau Turawan Faransa da Jamus da sunansa suke kiran irin waɗannan duwatsu. A Landan kuma wani mai ƙera agogo, Christopher Pinchbeck, ya haɗa jan ƙarfe da tutiya ya fito da ƙarfen da ido ba ya bambanta shi da zinari. Masu kuɗi ne suka fi saye, saboda 'yan fashin hanya: a bar na gaske a gida, a hau keken doki da kwafinsa. Duk wadda ta taɓa cire gwal ɗinta ta cusa a jaka kafin motarsu ta ɗauki hanyar daji, ba sai an yi mata bayani ba. Lu'ulu'un ƙarya ma ya girmi su biyun. Tun ƙarni na 17 ake yin sa a Faransa, da sheƙin da ake tacewa daga ɓawon jikin wani ƙaramin kifi a shafe cikin 'yan ƙwallayen gilashi.

A wancan zamanin aikin waɗannan kaya shi ne su ɓoye kansu, a ɗauka na gaske ne. Da mijin Sarauniya Victoria ya rasu a 1861 ta shiga baƙaƙen kaya, matan Ingila suka bi ta da adon wani baƙin dutse da ake haƙowa a garin Whitby, marasa hali suka sayi baƙin gilashi ya tsaya musu. A 1892 Daniel Swarovski ya yi rajistar injin yanka gilashi, a 1895 ya kafa masana'antarsa a Wattens ta ƙasar Ostiriya, duwatsun da a da sai an yanka ɗaya-ɗaya da hannu suka koma fitowa dubbai, duk girma ɗaya. Shi Swarovski ɗan yankin Bohemiya ne, cikin ƙasar Cek ta yau, kuma a nan labarin ya taɓo mu. Garin Gablonz na wannan yanki, da Venis ta Italiya, sun daɗe suna yin duwatsun wuya musamman don kasuwannin Afirka ta Yamma, har da kwaikwayon murjani da tsakiya. Tsinkakkiyar sarƙar Gwaggo 'yar wannan dangi ce. Kakanninmu sun sa su a wuya da ƙugu ba tare da jin kunya ba, gefe guda kuma ga na masaga na Bida da ake narka gilashi a yi a nan gida. Raina abin da ba gwal ba, mu muka ƙirƙiro shi daga baya.

Wadda ta juya lamarin ita ce Coco Chanel, a shekarun 1920. Mace ce da ke da lu'ulu'u na gaske jibgi, amma sai ta riƙa jera shi a wuya tare da na ƙarya, igiya biyar, shida, a kan baƙar riga marar ado. Na ƙaryan kuma ta sa aka yi su manya-manya, girman da ba wanda zai ɗauka na gaske ne. Ta daina ɓoyewa ke nan. Abin ado ya koma abin da ake zaɓa don ya dace da rigar yau, a canza shi gobe, kamar yadda muke canza ɗankwali. Abokiyar hamayyarta Elsa Schiaparelli ta wuce nan: a 1938 ta fitar da abin wuya na roba garai-garai da ƙwari masu launi a jere, in mace ta sa sai ka ce ƙwarin ne ke tafiya a fatarta. Ni dai ba zan sa ba, Allah Ya sani. Amma wa zai yi irin wannan wasa da gwal na miliyoyi? Arhar kayan ce ta ba mai zane damar yin rashin kunya, kuma daga nan sababbin salo ke fitowa.

Shi ya sa in aka jera su za a iya karanta shekaru a jikinsu. An buɗe kabarin Fir'auna Tutankhamun a 1922, nan da nan buzuzun Masar da furen bado suka cika wuyan matan Turai. Bajekolin Paris na 1925 ya kawo salon da ake kira Art Deco, mai miƙaƙƙun layuka da kusurwoyi, fari da baƙi. Da tattalin arziki ya karye a 1929, matar da ba ta iya ɗinka sabuwar riga sai ta sayi fil ɗin ado na 'yan kwabbai ta maƙala a tsohuwar. A lokacin ne robar Bakelite, wadda Leo Baekeland ya ƙirƙiro a 1907, ta yi tashe: awarwaro masu kauri, ja da kore da ruwan ƙwai, a jera biyar a hannu ɗaya. Masu tara tsofaffin kaya suna gane ta da hanci. A goga da yatsa har ta yi ɗumi a sunsuna, in ta gaske ce za ta yi wani wari kamar na maganin asibiti. Na goga na Gwaggo har yatsana ya yi zafi, ban ji komai ba, roba ce kawai. Ban ji haushi ba.

Birnin Providence na jihar Rhode Island shi ya zama cibiyar sana'ar a Amurka, inda kamfanoni irin su Coro da Trifari suke da masana'antu. A 1930 Trifari ya ɗauki wani Bafaranshe, Alfred Philippe, wanda ya yi wa Cartier da Van Cleef & Arpels aiki, wato gidajen da ke yi wa sarakuna kayan daimon. Mutumin bai rage komai daga ƙwarewarsa ba don ya koma gilashi. Sirrin ɗan kunnen da ke hannuna ke nan: kayan arha, hannun gwani. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942, gwamnati ta karkatar da jan ƙarfe da kuza zuwa ƙera makamai, duwatsun Turai kuma suka daina zuwa, sai kamfanonin suka koma azurfa suna yi mata ruwan gwal. Abin dariya, yaƙi ya sa fashon ya zama na azurfa tsantsa. Da mai sikelinmu ya gamu da na wannan zamani da bai ture shi ba.

A 1953, daren bikin rantsar da mijinta, uwargidan shugaban Amurka Mamie Eisenhower ta fito da lu'ulu'un Trifari a wuya, kowa kuma ya san ba na gaske ba ne. Ku kwatanta a nan, a ce matar gwamna ta fito ranar rantsuwa da GL, wato fashon mai ruwan gwal, ai sai Facebook ta kama da wuta. A 1955 Trifari ya kai wani kamfani ƙara saboda kwaikwayon ƙirarsa, kotu ta yarda cewa zanen irin wannan ado aikin fasaha ne da doka ke karewa, daga nan kamfanoni suka fara buga © a bayan kayansu. Da wannan 'yar alama na tabbatar ɗan kunnen Gwaggo bai girmi 1955 ba. Matsewar da yake yi kuwa, dalilinta shi ne yawancin matan Amurka na lokacin ba su da hudar kunne, suna ganin abin bai dace da 'yar mutunci ba. Mu da ake huda mana tun muna cikin zanen goyo, wannan ya ba ni dariya sosai. A 1996 kuma, da aka yi gwanjon kayan Jacqueline Kennedy, sarƙarta ta lu'ulu'un ƙarya mai igiya uku ta tashi a dala 211,500. Ba sikeli aka aza ta ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma gaskiya ne. Gwal bankin mace ne. Da shi ake biyan kuɗin makaranta in maigida ya shiga wani hali, da shi ake cika kuɗin kujerar Makka, da shi bazawara ke kama haya ta ja jari. Ba zan taɓa ce wa ƙanwata ta bar gwal ta tara gilashi ba. Na kuma yarda yawancin fashon ɗin da ke kasuwa yau ya cancanci rainin da ake masa. Na sayi wani saiti don bikin ƙawata, kafin a kai amarya wuyana ya yi kore, ga ƙaiƙayi, duwatsu biyu sun faɗa cikin shinkafa. Da gam aka liƙa su, ruwan gwal ɗin kuwa kamar an hura da baki. Na dā, masu kyan, kowane dutse da 'yan farcen ƙarfe aka riƙe shi, bayan ma an goge shi sumul duk da ba mai gani. Haɗa waɗannan biyun a suna ɗaya, a ce duk fashon ne, shi ne abin da nake ƙi. Ajiya daban, ado daban, kuma mun bar ajiya ta cinye adon har amare goma za su jeru da ƙira iri ɗaya, bambancinsu giram.

In akwai irin wannan gwangwani a ɗakin Hajiya ko ƙasan adakar Inna, don Allah kada a ba yara su yi wasan 'yar tsana da shi. A juya bayan kowanne a duba rubutu. Kada a jiƙa a ruwa da omo, ruwa na shiga bayan dutsen ya ɓata ƙyallin, ba ya kuma dawowa. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa. Lu'ulu'un ƙarya kuwa ba ya shiri da turare, humra ɗaya za ta kwaile masa fata, sai an gama fesawa ya bushe sannan a sa. Tsakiya da tsofaffin duwatsun wuya ma, ku leƙa Kasuwar Kurmi ku ji kuɗin da ake sa wa baƙi a kansu, sannan ku tuna nawa muka zubar a shara.

Satin da ya wuce na sa ɗan kunnen na je wani suna. Wata dattijuwa ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske, ta daɗe tana kallo, ta ce, "'Yar nan, ina kika samo wannan? Yayata ta yi irinsa." Muna cikin hirar yayarta wata ƙawata ta sako kai ta ce gwal ne? Na ce na Gwaggo ne. Bayan awa biyu dai na cire shi na ƙulle a bakin mayafi, don matsar da yake wa kunne ba ta wasa ba ce.