Haba kanikawan motocin gas, canke-canken nan ya ishe mu

Wai ni dan Allah yaushe gyaran mota ya koma canke ne? Duk mai Canter ko J5 ko Hiace mai shan gas ya san abin da nake faɗa, ka kai mota gareji da matsala ɗaya, bakanike ko kan motar bai ɗaga ya leƙa inji ba, daga jin ƙara kawai sai yace maka Alhaji nozul ne, wato abin da yake fesa gas cikin inji, kawo kuɗi. A canza nozul matsala na nan, sai yace toh famfon injekta ne. A kwance famfo a kai wajen mai saiti a dawo da shi, matsala na nan daram, sai kuma a koma kan tobo, wato na'urar da take tura ƙarin iska cikin inji. Kai ne kake biyan kuɗin kaya, kai ne kake biyan kuɗin aiki, kai ne motarka take kwance ba ta fita neman komai, shi kuwa ko a jikinsa, in ka yi magana yace ai gyara sai a hankali. Wallahi wannan zalunci ne kuma sai an faɗa.

Ni Canter nake ja, lodin hatsi daga Dawanau zuwa kasuwannin Jigawa, lokacin kayan gwari kuma in ɗauko tumatir daga wajen Kura da Kadawa in kawo Yankaba. Motar ta fara min wani abu, in na zo hawa da lodi sai ƙarfinta ya mutu, ga baƙin hayaƙi har masu mashin a baya suna zagina. An canza min nozul gaba ɗaya, an taɓa famfo, har an fara min lissafin kuɗin tobo ɗan Beljiyam, sai wani dattijon bakanike da muke sallah masallaci ɗaya yace in kawo ya gani. Ya sa yaro ya taka mai, ya bi tiyon iskar da ya fito daga tobo da tafin hannunsa, sai ga tsaga ta ƙasa inda ido baya kaiwa, iska na fita fuuu. Tiyo ne fa kawai, tiyo! Da na koma wajen wancan na nuna masa, buɗar bakinsa sai cewa yayi ai dama nozul ɗin sun kusa mutuwa gara da aka canza. Ko haƙuri bai bani ba, tsofaffin nozul ɗina kuma da na tambaya yace yara sun zubar, alhali kowa ya san inda suke zuwa, wankewa ake a ɗaura wa wani a karɓi kuɗin sabo.

Abin da yake ƙona min rai shine motar gas ba ta ɓoye ciwonta, hayaƙinta kaɗai ya isa ya nuna wa mutum inda zai fara dubawa. Injin gas ba shi da fulogi, iska yake matsewa har ta yi zafi sannan nozul ya fesa gas ya kama da kansa, kenan in iska ta yi kaɗan gas ba zai ƙone duka ba sai ya fito baƙi, don haka abu na farko shine filtar iska da tiyo, sai an gama da waɗannan ake zancen nozul. Farin hayaƙi ko dai gas ne da bai ƙone ba sam saboda sanyi ko saitin famfo, ko kuma ruwa ne yake shiga silinda, sai a duba lagireto ko ruwa na raguwa. Shuɗi kuwa baƙin mai take ƙonawa, ringi ne ko tobo yana yoyo. Wannan fa karatun yaron gareji ne na shekarar farko. Kuma akwai ɗan famfon gwajin nozul na hannu, a ɗaura nozul a danna a ga yadda yake feshi da idonka, in yana ɗiga ka gani in yana feshi daidai ka gani, ko minti goma ba a yi. Me yasa ba za ku gwada a gabanmu ba kafin ku tura mu kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa da kuɗin da muka ranto?

Sai batun tamostat, wannan kam ya zama kamar farilla a garejinmu. Mota ta fara zafi, maimakon a wanke lagireto a duba murfinsa, a duba famfon ruwa da fambel, sai a zare tamostat a wurgar ace wai na ƙasar Turawa ne mai sanyi, mu nan ba ma buƙata. Ƙarya ne. Aikinsa ya riƙe injin a zafin da ya dace, in babu shi inji zai daɗe yana aiki a sanyaye musamman da asuba lokacin hunturu, ya sha gas fiye da ƙima, ringi su ci da wuri, kuma ainihin abin da ya kawo zafin yana nan ba a taɓa shi ba. Sannan a ɗebo ruwan rijiya ko na kwata a ɗura a lagireto, tsatsa da farin gishirin nan su toshe hanyoyin, wata rana kana tsakiyar daji gasket ya ƙone. A zo ɗaura kan silinda kuma, notukan da kamfani ya ce a ɗaure su da awo kuma bi da bi, sai ka ga ƙato ya zura fayif a jikin sifana ya hau da ƙafa yana dannawa, gam kuma an lafta ko ina. Bayan wata biyu ruwa ya haɗe da baƙin mai ace maka gasket ɗin ne ba mai kyau ba.

Lokacin sanyi in mota ta ƙi tashi da safe, hita masu ɗumama cikin inji kafin a tayar ne suka mutu ko batir ya yi sanyi ko iska ta shiga layin gas, duk abubuwa ne da ake gwadawa cikin sauƙi. Amma me ake yi? A jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin da iska take shiga inji, wasu ma maganin sauro na feshi suke fesawa, injin ya tashi da wata irin bugawa mai tayar da hankali, su ce ka gani ta tashi. Eh ta tashi, amma fistin da ringi da metal su suka ji a jikinsu, kuma ranar da injin ya buga ba wanda zai tuna da tsumman nan, kai za a ce baka yin sabis.

Toh mu zo kan sabis ɗin ma. Mutum ya dage duk kilomita 5,000 ya juye baƙin mai ya canza filta, ya ɗauka ya sauke nauyi, ashe filtar da aka sayar masa kwali ne kawai mai sunan kamfani, in ka yanka ta ka ga takardar ciki ƴar kaɗan mai laushi, wata ma ba ta manne da kyau ba datti na wucewa ta gefe. Ka tambayi mai shago orijina ce? ya rantse maka da Allah. Baƙin mai kuma ana tara tsofaffin galan masu suna a ɗura musu wanda aka tace daga kondem, wato tsohon man da aka juye daga mota, a liƙe murfi, an rubuta 15W-40 a jiki amma kwana kaɗan ya tsinke ya zama ruwa, fitilar mai ta fara ƙyaftawa in mota ta yi zafi. Kuma abin takaici wani lokacin da bakaniken ake haɗa baki, ya kai ka shagon da yake da kamasho, kai ka biya kuɗin mai kyau shi ya koma da yamma ya karɓi nasa. Filtar iska ma a ƙurar hunturun nan maimakon ace maka ta gama canza ta, sai a kai wa mai faci ya hura mata iska da ƙarfi har takardar ta huje, ƙura ta wuce kai tsaye cikin inji tana cin silinda.

Gas ɗin kansa wani bala'in ne daban. Farkon 2022 lita ba ta kai naira 400 ba, kafin shekarar ta ƙare ta haura 800, a farkon 2024 kuwa sai da ta wuce 1,500 a gidajen mai da yawa, ga faɗuwar naira tun 2023 ta sa kayan gyara sun ninka. Duk da wannan tsadar sai a sayar maka da gas mai gauraye, wani da kananzir wani da ruwa a ƙasan tanki, ba wajen ƴan bumburutu kaɗai ba har wasu gidajen man da suke da babban allo a bakin titi. Famfon injekta da gas ɗin kansa yake samun santsi, kananzir ba shi da wannan maiƙon, sai ƙarafan ciki su riƙa gogar juna a bushe, ruwa kuma ya sa tsatsa a nozul. A ƙasan filtar gas akwai ɗan noti da ake kwancewa a zubar da ruwan da ya taru, ni dai a garejin da nake zuwa ban taɓa ganin an kwance shi lokacin sabis ba sai in na tsaya a kai na ce a yi, wasu motocin ma an cire wannan matatar ruwan gaba ɗaya an haɗa tiyo kai tsaye wai tana rage gudu. Hukumomin da aka ce aikinsu duba ingancin mai da kayan gyara kuma, mu da muke kan hanya kullum ba ma ganinsu a inda ake wannan ta'asar.

Masu sabbin motoci irin Hiace da Hilux masu burenboks, wato kwamfutar da take sarrafa inji, su kam sai dai mu ce Allah ya kawo musu ɗauki. Injektan waɗannan na lantarki ne, ƙarfin matsin gas ɗinsu ya haura bar 1,000 a ma'aunin matsi, ƙwayar datti ɗaya tana iya kashe shi, amma sai ka ga an kwance an zube su a kan buhu a ƙasa ana wankewa da fetur iska na kwaso yashi. Fitila ta kama a dashbod, a kira mai kwamfuta ya jona ya goge lambar ya karɓi kuɗinsa ba tare da ya gaya maka me ta ce ba, in ta sake dawowa ɗan rewaya ya cire ƙwan fitilar shikenan an gyara. Hiace mai injin 5L tana da fitilar da take kamawa in lokacin canza bel ɗin tayimin ya yi, na ga inda aka kashe fitilar aka bar bel ɗin, kuma in ya tsinke kana tafiya fistin da bawul ne za su haɗu, aikin inji ne sukutum.

Ku da kuke zaune a inuwar gareji baku san me lalacewar mota a hanya take nufi ba. Tumatir baya jira, in ka kwana da shi a rana mai kaya zai ce kai za ka biya. Direban da ba motarsa bace ga balas ɗin maigida yana jiransa ko ya yi aiki ko bai yi ba. Ga hanyoyinmu yadda suka zama, waye yake so dare ya same shi a tsaye tsakanin Kaduna da Abuja ko hanyar Birnin Gwari saboda filtar jabu? Karen mota yaro ƙarami shi za a bari ya kwana a ƙarƙashin mota yana gadin batir da taya, ba abinci ba ruwa, iyayensa basu san inda yake ba.

Na san akwai kanikawa masu tsoron Allah, wanda ya gano min tiyon nan ɗaya ne daga cikinsu kuma kuɗin da ya karɓa bai kai na shayi da burodi na sati ba, irinsu ne ma suke sa mutum ya gane sauran da gangan suke yi ko kuma basu iya ba suna jin kunyar faɗa. In baka gane matsalar ba kace Alhaji ban gane ba je wajen wane, ba wanda zai raina ka. Shugabannin ƙungiyarku kuma da suke karɓar kuɗin wata a kowane gareji, ku sa doka mana, duk abin da aka cire a mota a miƙa wa mai ita a hannu, nozul a gwada a gabansa kafin ace ya mutu, wanda ya sa aka sayi abin da ba shi ne matsalar ba ya dawo da kuɗin aikinsa. Ni dai daga yanzu filta sai an yanka tsohuwar na ga cikinta, galan ɗin mai kuma ni zan huda shi da hannuna kafin in bar garejin, nozul ɗina da aka ce yara sun zubar kuma ban yafe ba.