Kwata ma sai da takarda?

Wallahi abin nan ya ishe ni. Tun da Agusta ya kama, duk ruwan da aka yi a tsakar gidanmu yake kwana, katangar baya ta jiƙe har gwiwa, filasta sai ɓarewa take kamar ɓawon gyaɗa. Birkila ya ce abu mai sauƙi ne, a binne fayif inci 4 daga gindin fandisho a sada shi da kwatar bakin titi, aikin kwana biyu kacal.

Mun fara haƙa ke nan sai ga wasu da jan fenti, wai ina famit? Na je ofis, kawo takardar fili, kawo zanen gida, Alhaji ka dawo ran Litinin oga ya fita. Ni fa ban ƙi ba, na san akwai fayif ɗin ruwan famfo a ƙasa kuma ba a fasa kwalta haka kawai, amma mita 3 fa jama'a! Ita kwatar tasu kuwa leda ta toshe ta tun bara ba wanda ya leƙo. Yau ma da bokiti muka kwashe ruwan, ga hadari can ya sake haɗowa a gabas.