Ba karatun ne ya mutu ba, littafin ne ba ya zuwa Legas

Labarinku ya ce matasa sun daina karatu. Ni dai a Agege nake, kuma ban yarda ba. Yaran nan kwana suke suna karanta labarai a WhatsApp. Matsalar ita ce ka zagaye teburan masu littattafai na Yaba kaf, da wuya ka ga na Hausa, sai dai ka ba direban tirela sautu daga Kano.

Duk mai son farawa, ya nemi Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Hausar da aku mai ba da labaran yake yi a ciki kaɗai ta isa. Amma ni Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa ya fi kama ni, saboda wahalar da uwar Umar ta sha tana neman ɗanta har ƙetaren Sahara. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam kuwa, na 1934, dariya ce zalla, Malam Zurƙe na cikin labarin ba ya tsufa.

Littattafan ban tsoro fa? Yawancin na yanzu ihun aljanu ne kawai, babu labari. Wanda ya san mai kyau ya faɗa mana, don Allah.