Ɗaki tukuna, sauran magana daga baya

Jama'a yau da asuba na ga abin da ya hana ni shan koko. Akwai wani baba a layinmu nan Nima a Accra, Ghana, tsohon soja ne, kusan wata biyu ke nan a barandar masallaci yake kwana. Mai gida ya ce ko adibas na kuɗin hayar shekara biyu ko ya ba shi ɗakinsa, shi kuma ɗan fanshon magani da abinci ke cinyewa. Bayan salla na zauna kusa da shi, sai ya jawo gwangwanin Milo daga ƙarƙashin tabarma, lambobin yabo ne uku a ciki, ga kuma hular nan mai ruwan bula ta Majalisar Ɗinkin Duniya a naɗe cikin leda duk ta koɗe, wai a Labanan ya samo ta. Yana goge lambobin da bakin riga hannunsa na rawa, wallahi kasa kallonsa na yi.

Kuma fa abin nan ba yau ya fara ba. Ran 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu suka kama hanyar Osu za su kai wa gwamna kukansu kan alkawuran da ba a cika musu ba, aka buɗe musu wuta, Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey suka faɗi. Duk shekara ana zuwa a ajiye fulawa a wurin, madalla, amma masu rai fa? Mu 'yan zango ya fi kamata abin ya dama, kakanninmu ne suka cika bariki zamanin Turawa har Hausa ta zama yaren soja.

Yaro ya shiga soja yana saurayi, rayuwarsa kaf a gidan bariki, ranar ritaya ya miƙa makulli ya fito ya tarar da masu gida, alhali dokar haya ta 1963 ta ce kada adibas ya wuce wata shida, to wa ke bi?

A Amurka akwai shirin HUD-VASH, gwamnati na biyan kaso mafi yawa na haya, tsohon sojan ya cika da kusan kashi 30 cikin ɗari na abin da yake samu, a haɗa shi da ma'aikacin da zai riƙa bibiyar lafiyarsa. Ba sa cewa sai ka daina shaye-shaye ko ka warke tukuna, ɗaki ake fara ba ka. Daga kusan tsofaffin sojoji 74,000 masu kwana ba muhalli a 2010 suka dawo ƙasa da 33,000 a 2024. Na san aljihunmu ba ɗaya ba ne, kar wani ya zo min da wannan, tsarin nake magana.

Muna da VAG, hukumar tsofaffin sojoji, kuma a 2023 gwamnati ta buɗe shirin ba da rancen kuɗin haya. A haɗa su mana, a ware wa tsofaffin sojoji kasonsu, a ƙirga su unguwa-unguwa ta hannun limamai da sarakunan zango don su suka san wa ke kwana a ina.

Mu dai ran Juma'a bayan salla za mu je wajen liman da sarki kan maganar baban nan, ko ɗaki ɗaya ne a samo masa kafin ruwa ya sauko.