Hannu Mai Ƙaiƙayi da Fitilar Murjani

Ba a faɗa wa mutum, sai ya riga ya cika akwatin gilashi da ruwan gishiri, cewa murjani ba dutse ba ne, ba kuma tsiro ba. Dabba ce sukutum, dabbar ma mai 'yan haya. A cikin naman jikinsa akwai wasu mitsi-mitsin halittu dangin gansakuka, masana na ce musu zuzanteli, ido ba ya ganinsu. Su ke karɓar haske su juya shi ya zama abinci, su ci, su miƙa wa mai gida kasonsa. Kuɗin hayar ke nan. Saboda haka fitilar da ke saman akwatin ba don mai kallo aka rataya ta ba, da ita ake ciyar da gidan gaba ɗaya.

Duk wannan na karanta shi, na kuma gyaɗa kai. Sauran lamuran ma ban yi musu riƙon sakainar kashi ba: gishirin ruwa ya tsaya a 1.025 a ma'aunin gishiri, zafi tsakanin digiri 25 da 26, na yi haƙurin makonni har ruwan ya nuna kafin in saka ko da kifi ɗaya. Da aka zo kan fitila ne na ce ai wannan ba sai an koya wa mutum ba. Tun ina yaro nake kunna fitila.

Na duba kwalaye, na ɗauki wadda lambar lumen ɗinta ta fi ta kowa girma. Fara ce tas, Kelbin 6,500, irin hasken rana tsaka. Da na kunna ta falo ya haskaka har muka daina taɓa ƙwan ɗakin, yara suka dawo da aikin makarantarsu gindin akwatin. Tun safe take kunne sai tsakar dare, ai ilimin yara ba abin wasa ba ne. Ba a daɗe ba murjanin da na sayo kore shar da masu ruwan hoda suka haɗa baki suka koma ruwan ƙasa, duk launi ɗaya. Gansakuka kuwa ta samu yadda take so. Ta fara da gilashi, ta hau duwatsu, ta fitar da gashi dogo-dogo yana kaɗawa cikin ruwa. Wani baƙo ya daɗe a tsaye yana kallo, can ya ce, “Kai, wannan koren murjanin mai gashi ya yi kyau. A ina ka samo shi?” Na ce masa ba ko'ina ake samunsa ba.

Uwargida ba ta da irin wannan karar.

“Maigida, wannan ciyawar ce ka ce za ta riƙa ƙyalli launi-launi?”

Na ce mata tana kan sabawa da wuri ne.

Ashe shi lumen ma'auni ne da aka yanka wa idon ɗan Adam, wanda ya fi jin haske kore mai ɗan rawaya, wajen nanomita 555 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne, kowane launi da lambarsa). 'Yan hayan murjani kuwa shuɗi suka fi ci, can wajen 450, kuma suna da hujja: ruwan teku yana shanye jan haske tun a 'yan mitocin farko, shuɗin ne ke nutsewa ya kai ƙasa, da shi kakanninsu suka tashi. Ba yunwa suke ji a ƙarƙashin farar fitilata ba, suna ci. Sai dai launukan da na fitar da kuɗi dominsu a shuɗin haske suke bayyana. Shi ma Kelbin da nake ɗauka ƙarfi ne, launi kawai yake faɗa: 10,000 fari ne mai sanyi, 14,000 ya fara karkata, 20,000 shuɗi ne sosai. Na jima ina gaya wa mutane cewa mai 20,000 ta ninka mai 10,000 ƙarfi, kuma babu wanda ya musa, domin babu wanda ya damu.

Akwai wani dattijo da nake sayen 'yan gutsattsarin murjani a wurinsa, ya fi shekarun auren wasu a wannan harka. Na kai masa kuka. Ya saurara har na gama, ya ce, “Ɗana, duk waɗannan fitilun zamani wasan yara ne. Halayid ita ce fitila.” Ya shiga ciki ya fito da wata tsohuwar halayid, irin fitilar nan mai ƙwai ɗaya mai tsananin haske, mai wat 250, da kaskonta mai sheƙi da wani akwatin ƙarfe mai nauyin tsiya da ke tayar da ita. Ya ce aro ne, in gwada in gani.

Gaskiya ɗaya ce, ban taɓa ganin haske mai kyanta ba. Da yake daga wuri ɗaya hasken ke fitowa, duk motsin da saman ruwa ya yi sai ka ga zare-zaren haske suna rawa a kan yashi, sak ƙasan teku. Na ja kujera na zauna. Ina nan zaune na fara jin goshina yana ɗumi. Washegari ma'aunin zafi ya tsallake 28 yana hararar 29. Ruwa ya shiga ƙafewa, kullum sai na ga ya ja baya, kuma gishiri ba ya bin tururi, yana nan zaune, don haka ruwan da ya rage sai ƙara gishiri yake yi. Na zama ɗan ga-ruwan kifayena, safe da yamma ina ƙara ruwa marar gishiri. Na kafa fanka tana hura saman ruwan don ya huce, ya huce ɗin, ya kuma ƙara saurin ƙafewa. Wata rana na sa hannu zan gyara dutse, bayan hannuna ya taɓa kaskon, na yi wata ƙara da har yau yara ke kwaikwaya idan suna son nishaɗi. Dattijo ya ce ai da ma da na'urar sanyaya ruwa ake haɗa ta, kuma ƙwan ma ba ya wuce shekara sai a sake shi, kuma kada in kuskura ruwa ya fantsama masa yana da zafi. Duk bai tuna da waɗannan ba ranar da yake yabon ta. Da takardar kuɗin wuta ta iso, uwargida ba ta ce komai ba. A kan murfin akwatin ta ajiye ta, ta ɗora gwangwanin abincin kifi a kai don kada iskar fankar ta ɗauke.

Na mayar da halayid da godiya. Ya ce to in ɗauki T5, dogayen fitilun nan sirara da ake jerawa huɗu ko shida, masu shimfiɗa haske ko'ina daidai ba inuwa, sai dai su ma a sake su kusan duk shekara. Shawara ce mai kyau, kuma da yawan masu murjanin da ya fi nawa da ita suke aiki. Na ƙi ta ne saboda ba ta da abin latsawa. A kunna, a kashe, shi ke nan. Mutum ya kashe kuɗinsa a ce babu abin da zai riƙa taɓawa?

LED ɗin da na saya da manhajar waya ta zo. Kowane launi da layinsa: fari, shuɗi, shuɗi mai duhu, ja, kore, kowanne ka ja shi da yatsa daga sifili zuwa 100. Tana fitowar rana a hankali, tana faɗuwar rana, tana hasken wata, tana gilmawar gajimare. Ba ta dafa ruwa, ba ta cin wuta sosai. Daren farko da na kashe farin na bar shuɗin, murjani ya kama ƙyalli, kore da ruwan goro suna tashi daga jikinsa. Wasu sinadarai ne a namansa ke haɗiye shuɗin haske su mayar da shi da wani launi, dangin wanda aka fara ganowa a jikin wata halittar teku mai yauƙi, aikin da ya kai ga kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2008. Na kira uwargida ta gani. Ta ce wannan kam ya yi. Na ɗauki hoto zan tura wa dattijo, wayar ta fito da shuɗi zalla babu ko kifi, ashe sai an manna wa kyamarar gilashi mai ruwan goro.

Sai dai idona ya ce hasken ya yi kaɗan. Bayan farar fitila da halayid, wannan shuɗin duhu-duhu yake a gare ni. Na ce kada bayin Allah su kwana da yunwa. Na ƙara. Gobe na sake dubawa, na ƙara. Ran nan na ga hoton akwatin wani a intanet, na sauya duk layukan su yi kama da nasa. Jibi na ga na wani daban. Kafin mako ya zagayo kowane layi yana kan 100, har da ja da koren da ban san amfaninsu ba, don kada su ga an nuna musu bambanci.

Akrofora ce ta fara, wato wani nau'in murjani mai rassa, wadda na ɗora a ƙololuwar dutse daidai ƙarƙashin fitilar saboda ita ce abin alfaharina. Launinta ya fara kodewa daga sama. Na yi murna, na ce ga shi tana haske. Ta ci gaba da haske har ta koma fara fat. Idan haske ya fi ƙarfin 'yan haya, abin da suke fitarwa yakan zama guba ga mai gida, shi kuwa sai ya watso musu kaya waje, ya zauna shi kaɗai a gidan babu mai biyan haya. Irin abin da ya faru da babban jerin murjanin Ostireliya ke nan a 2016 da 2017, sai dai can zafin teku ne ya jawo. Nan kuwa babban yatsana ne. Garin neman ƙiba na samo musu rama.

Dattijo ya zo da kansa, riƙe da na'urar auna PAR, ɗan ƙaramin ido a bakin sanda da waya zuwa allo. Ita ba ruwanta da idona, hasken da ke tsakanin nanomita 400 da 700 take ƙirgawa, wanda masu sarrafa haske ke iya ci. Ya nutsa sandar inda Akrofora take, allo ya haura 500. Ya dube ni. Ya matsa da ita tafin hannu biyu zuwa gefe, lambar ta faɗo ƙasa da rabi. Ya kai ta kusurwa, ko 50 ba ta cika ba. Ashe fitilar tsaye take zuba haskenta a tsakiya, na kuma rataye ta dab da ruwa. Su masu harkar, in ji shi, abin da suke bi shi ne: murjani mai laushi 50 zuwa 100 ya ishe shi, masu manyan baki su ɗan fi haka zuwa 150, su Akrofora 200 zuwa 350. A ɗaga fitilar sama don hasken ya bazu. A fara da kashi 30 ko 40 na ƙarfin fitilar, a riƙa ƙara kaɗan-kaɗan duk mako. Awa 8 zuwa 10 a rana.

“Sannan ka cire hannunka,” ya ce. “Murjani yana iya sabawa da haske iri-iri in ka ba shi lokaci. Abin da ba ya iya sabawa da shi kai ne.”

Na ce to Baba. Na kuma cika alkawari, ban taɓa layukan ba. Sai dai a can ƙasan manhajar na hango wani maɓalli da ban taɓa gwadawa ba, an rubuta hadari. Ai wannan ba ƙarin haske ba ne, ba ya cikin abin da aka hana. Na saita shi ƙarfe 2, a nufina na rana, don yara su gani in sun dawo.

Ƙarfe 2 na dare falo ya kama walƙiya, fal-fal-fal, tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗaki. Uwargida ta zabura ta ce ruwa ya taso, ta bi tagogi tana rufewa, ta fita da gudu kwashe shanya. Ta tarar da sama tangaran, taurari reras. Ta dawo rungume da kaya, ta tsaya a bakin falo tana kallon akwatin yana ta walƙiyarsa shi kaɗai, kifin nan mai ruwan goro da fararen zane ya cusa kai cikin ramin dutse wutsiya a waje. Ni kuma ina kwance na rufe ido, ina barcin da ban taɓa yin mai nauyinsa ba.

Da safe na nemi wayata na same ta a hannunta, tana magana da dattijo a tata wayar, yana faɗa tana ja. Shuɗi kaza, fari kaza, ja da kore ƙasa, hadari a kashe. Da suka gama ta sauya lambar sirrin manhajar ta miƙo mini wayar.

Na ce, “Haba uwargida, ko harafin farko?”

Ta ce in je in ƙara wa akwatin ruwa, ya ja baya.

Yanzu fitilar tana kan kashi 60, kuma ba ni na kai ta can ba, su biyu suke shawara duk ƙarshen mako. Akrofora ta karɓi sababbin 'yan haya, launi ya fara dawo mata daga gindi, har ta fitar da 'yan rassa. A idona dai hasken har yanzu ya yi kaɗan. Na gwada ranar haihuwar yara duka, na gwada ranar aurenmu, manhajar ta ce in na sake kuskure sau ɗaya za ta kulle ni na awa 24.