Jadawalin fulawa da naman alade: mun bar jaki muna dukan taiki

Daren Juma'ar da ta wuce zauren WhatsApp na gidanmu ya kusa kamawa da wuta. 'Yar yayarmu, wadda ke aji biyu a jami'a tana karanta ilimin abinci mai gina jiki, ita ta turo hoton wani jadawali da aka ba su a aji. Gefe guda garin fulawa, ɗaya gefen naman alade, an jero abin da ke cikin giram 100 na kowanne. A ƙasa ta rubuta: "Ku duba fulawar da muke ci kullum."

Ko minti biyar ba a yi ba sai ga saƙon murya daga babban yayanmu. "Ke 'yar nan, karatun da aka tura ki ke nan? Alade za ki kawo mana cikin gida?" Yarinya ta rikice. "Kawu, Allah ya huci zuciyarka, wallahi fulawar nake nunawa." Ina! An riga an ɗauka. Wannan ya turo bidiyon da ake tsiyaya lemon kwalba a kan tsokar alade wai tsutsotsi na fitowa, waccan ta ce ai naman ba shi da wani amfani a jiki, guba ne zalla. Har aka watse babu wanda ya ce uffan a kan fulawa.

Ni ban taɓa cin alade ba, ba kuma zan ci ba in Allah ya yarda. Haramcinsa ya zo ƙarara a wuri huɗu cikin Alƙur'ani: Baƙara, Ma'ida, An'am da Nahli. Wannan ya ishe ni, ban buƙaci wani ɗakin gwaje-gwaje ya sa mini hannu ba. Abin da ke damuna shi ne yadda muke son yi wa hukuncin Allah tokara da ƙarya. Gaskiya ne naman alade da bai dahu ba yana iya sa wa mutum tsila, kuma ƙwayayen tsilar alade in suka shiga jiki ta hanyar ƙazanta suna iya kaiwa ƙwaƙwalwa su haddasa farfaɗiya. To amma naman sa ma yana da irin tasa tsilar, kuma wuta tana kashe dukkansu. Ranar da ɗanka ya je karatu waje ya ga mutane suna ci lafiyarsu ƙalau har su tsufa, in a kan tsutsar lemon kwalba ka gina masa hanin, me kake jin zai ce a ransa? Ka gaya masa Allah ne ya hana, wannan hujjar ba ta tsufa.

Kuma ba don neman faɗa aka sa alade a littafinsu ba. Irin waɗannan alƙaluman galibi daga ma'aikatar noma ta Amurka ake ɗauko su, alade kuwa yana sahun gaba a naman da duniya ta fi ci. Sin kaɗai tana lamushe kusan rabinsa. A nan gida ma akwai babbar kasuwarsa a Kafanchan. Yarinyar nan gobe asibiti za ta zauna, kowa da kowa zai zo gabanta, dole ta san abin da ke cikin kwanon kowa.

To me jadawalin ya ce?

Giram 100 na farar fulawa yana ɗauke da kalori kusan 360, sitaci giram 76, furotin wajen giram 10, mai kuma giram 1 kacal. Giram 100 na ɗanyar tsokar alade mara kitse yana da furotin wajen giram 21, sitaci babu ko ɗigo, kalorinsa bai kai rabin na fulawa ba. In kuma ɓangaren tumbi aka yanko, rabinsa kitse ne, kalori ya haura 500. Cire sunan alade ka sa naman akuya ko na sa ko kaza, furotin ɗin duk nan nan yake, giram ashirin da ɗoriya. Wato darasin na nama ne gaba ɗaya, aladen misali kawai ya zama.

Akwai wata 'yar dabara a irin wannan kwatance da ya kamata a lura da ita. Fulawa busasshiya aka auna, nama kuwa kusan kashi 70 cikin 100 ruwa ne. Babu mai gumbar ɗanyar fulawa. Da zarar an kwaɓa ta an gasa burodi, furotin ya sauko wajen giram 9, naman kuma in ya dahu ya tsane, nasa ya hau zuwa 26 ko sama. Ratar da kake gani ninki biyu a takarda, a faranti ninki uku ce.

Ko furotin ɗin ma ba iri ɗaya ba ne. Jiki yana warware shi ne zuwa ƙananan tubala ya sake gina tsoka da jini da su, kuma akwai guda tara da ba ya iya haɗawa da kansa, sai an ci. Nama yana da taran a cike. Alkama tana da ƙarancin ɗaya, mai suna laisin. Duk wanda ya taɓa gini ya san in siminti ya ƙare, tulin yashin da ke ƙofar gida ba ya ƙara ko jeri ɗaya. Haka yaron da ake ɗura wa burodi safe da yamma yake: ciki ya cika, ginin ya tsaya.

Bitamin B12 da jini da jijiyoyi ke buƙata, hatsi ba ya fitowa da shi daga gona, daga dabba ake samu. Sinadarin ayon kuma, wato ƙarfen da jini ke buƙata, a nan ne jadawalin zai yaudare ka, don a takarda fulawa ba ta gaza alade ba. Sai dai ayon na nama hanji yana tsotse shi cikin sauƙi, na tsirrai kuwa kaɗan ke shiga. Abin takaicin, ganyen shayi yana ƙara tare wannan kaɗan ɗin. Ka tuna teburin mai shayi da asuba: burodi rabi, shayi mai kauri kofi guda. Mun haɗa mai bayarwa kaɗan da mai hana karɓa, muka kira shi karin kumallo.

Inda alade ya yi wa sauran nama fintinkau shi ne bitamin B1. Yarinyar ta ja masa layi ja a jadawalin, ina jin shi ya ƙara tunzura Yaya. Ni kuwa dariya ya ba ni, saboda alkama tana da B1 ɗinta tun daga gona, mu ne muke zubar da shi. Ƙwayar alkama kashi uku ce: ɓawo, da ɗan idon da ke tsirowa, da farin garin da ke ciki. Injin fulawa yana ware farin ya ba mu, ɓawon da idon su tafi cikin dusa, tare da mafi yawan bitamin B da sinadarai da kuma haƙin da ke sa bayan gida ya fita ba wahala. Ina dusar take zuwa? Wurin ragon layya. Bara da hannuna na riƙa dama wa ragona dusar alkama da ɗan gishiri, wata uku ya yi ɓul-ɓul, gashinsa har sheƙi yake, yarana kuma na zaune a gefe suna cin fanke. Ban taɓa haɗa lissafin ba sai a daren nan.

Wannan kuskuren ma tsoho ne. A shekarun 1890 wani likita ɗan Holan, Christiaan Eijkman, yana aiki a tsibirin Jaba na Indunusiya, ya lura kajin da ake ba farar shinkafa ƙafafunsu na shanyewa, irin ciwon beriberi da ke kwantar da mutane a can. Da aka mayar da su kan shinkafar da ba a surfe ta tas ba, suka miƙe. Daga wannan zaren aka bi har aka gano B1, shi kuma ya sami kyautar Nobel a 1929. Abin da aka surfe aka zubar, shi ne maganin.

A yi wa fulawar yau adalci. Tun 2002 doka a Najeriya ta wajabta wa kamfanoni su zuba bitamin A a fulawa da suga da man girki, shi ne alamar idon nan da kake gani a jikin buhu, kuma ana ƙara wa fulawa ayon da wasu bitamin B. Abu ne mai kyau. Amma ba a mayar da ɓawon, ba a ƙara laisin, sitacin kuma yana nan yana narkewa da sauri ya ɗaga suga a jini. Naman ma ba waliyyi ba ne. Ba shi da haƙin nan na hatsi ko kaɗan, kuma a 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naman da aka sarrafa, irin su sosej, cikin abubuwan da ke jawo kansar hanji, ta sa jan nama cikin waɗanda ake zargi. Jan naman nan har da na sa da na rago, kada wani ya yi murna. Kowanne da aikinsa: fulawa itacen hura wuta ce, nama tubali ne.

Yanzu ƙirga abincin yaro ɗaya a cikin gari. Safe burodi da shayi. Tara a makaranta biskit ko cincin. Rana taliya da manja da yaji. La'asar fanke. Dare Indomie. Suna biyar, tukunya biyar, abu ɗaya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Ya kuma nuna kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Ba na ɗora wa fulawa wannan laifin ita kaɗai. Talauci da zazzaɓin cizon sauro da gurɓataccen ruwa duk suna ciki, kuma yaron ƙauye tuwo ne ya fi yawa a cikinsa. Amma ko tuwo ko taliya, matsalar ɗaya ce: hatsi a kan hatsi, abin gina jiki sai dai a leƙa.

Na san amsar da za a ba ni, "Malam, ka san kuɗin kilon nama kuwa?" Na sani, ni ma kasuwar nake zuwa. Shi ya sa ban ce nama kullum ba. Busasshen wake yana da furotin wajen giram 23 a cikin 100, kuma laisin ɗin da alkama ta rasa shi wake ke da shi a wadace. Waken suya ya fi haka, ga awara a kowane lungu. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, da B12 a ciki. Hanta 'yar kaɗan sau ɗaya a mako ta fi tsoka ayon da B12 nesa ba kusa ba. Ga busasshen kifi, ga fara in lokacinta ya yi, ga nono. Duk abin da ke gefen alade a jadawalin nan akwai shi a halal, B1 ɗin ma wake da gyaɗa da alkamar da aka niƙa da ɓawonta suna da shi.

Iyayenmu ba su san kalmar laisin ba, amma dubi haɗinsu: taliya da wake, garau-garau, gurasa da garin ƙuli-ƙuli, fura da nono. Alkamar ma a da ta biki ce, ta alkaki da funkaso da dashishi, daga fadamun Kadawa da Haɗeja, ba abincin sau biyar a yini ba. Yau yawancin wadda muke ci a jirgin ruwa take zuwa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ɗan wake. Sunansa ya faɗi asalinsa. A hannun kakarmu garin wake ne da na rogo ko dawa, da kuka da kanwa, launinsa duhu-duhu, in ka ci da safe sai azahar ka tuna da abinci. Yanzu a gidaje da yawa fulawa ce zalla da kuka, wake ko ƙwaya babu, wai ya fi santsi. An cire uban an bar wa ɗan suna.

Washegari na kira Yaya. Bayan gaisuwa na ce, "Yaya, jiya fa yarinyar nan ba ta yi laifi ba." Ya ce shi dai ba ya son ganin sunan abin nan a wayarsa. Na ce na ji, za a goge. Sai na tambaye shi abin da yaransa suka karya da shi. Ya yi shiru, na ji yana ƙwala wa Anti kira yana tambaya. Daga can ciki ta amsa: "Ɗan wake ne." Ya ce, "Da wake a ciki?" Ta ce, "Wane irin wake kuma, Alhaji?"