Kujerun majalisar Scotland ta farko, 1999

Wani rahoto ya ce jam'iyyar Labour ce ta lashe zaɓen majalisar dokokin Scotland na farko a ranar 6 ga Mayu 1999, amma bai fayyace cewa nasarar ba ta kai ta ga kafa gwamnati ita kaɗai ba. Majalisar tana da kujeru 129, ana buƙatar 65 kafin a samu rinjaye, Labour kuwa 56 ta samu, SNP (jam'iyyar masu neman 'yancin kan Scotland) 35, Conservative 18, Liberal Democrats 17, sauran ukun suka tafi ga jam'iyyar Green da ta 'yan gurguzu da ɗan takara mai zaman kansa, Dennis Canavan. Wannan ne ya tilasta wa Donald Dewar, jagoran Labour a Scotland, haɗa kai da Jim Wallace na Liberal Democrats kafin ya zama Babban Minista.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa, a ganina, shi ne tsarin zaɓen. Kujeru 73 na mazaɓu ne, 56 kuma ana raba su a yankuna takwas gwargwadon ƙuri'un kowace jam'iyya, tare da la'akari da mazaɓun da ta riga ta ci. 'Yan Conservative, waɗanda suka yi adawa da kafa majalisar a ƙuri'ar raba gardama ta 1997, ba su ci ko mazaɓa ɗaya ba, duk kujerunsu 18 ta wannan hanya ta biyu suka zo, yayin da Labour ta kwashe mazaɓu 53 amma uku kacal ta ƙara daga yankunan. Mata 48 ne suka shiga majalisar, kuma wannan ma rahoton bai ambata ba.